Bayan hoton CT, yaushe za mu san ko ƙodar Baba ta taɓu?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ya shekara shida yana fama da ciwon ƙoda da ciwon suga. An rubuta masa hoton CT na ciki, an ce sai an ɗura masa wani ruwa ta jijiya hoton zai fito sosai. Na ji ana cewa ruwan yana taɓa ƙoda. Idan ya dawo gida yana fitsari lafiya, mu kwantar da hankali? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Don Allah kada ku dogara da fitsari, nan ne na fi jiye muku. Ruwan nan mai sinadarin aidin idan ya taɓa ƙoda, galibi mutum yana fitsarinsa kamar kullum, yana hira, yana cin abinci. Jini ne ke tona asiri.

Abin da muke aunawa shi ne kiriyatinin, dattin da ƙoda ke tacewa daga jini. Shi kuwa yana da jinkirin nunawa. Yakan fara hawa cikin awa 24 zuwa 48, ya kai ƙololuwa tsakanin kwana 3 zuwa 5. Don haka gwajin da aka yi da yammacin ranar hoton zai iya fitowa lafiya ƙalau, ya yaudare ku. Ki roƙi a auna kafin hoton, a sake bayan awa 48 zuwa 72, ki jera takardun biyu gaban likita. Bisa ƙa'idar 2012 ta KDIGO, ƙungiyar ƙwararru kan ciwon ƙoda ta duniya, ƙarin kiriyatinin na 0.3 mg/dL cikin awa 48 ya isa a ce ƙoda ta ji rauni. Misali daga 1.8 zuwa 2.1, wanda a ido kamar ba komai ba ne.

Akwai wani gwaji mai suna NGAL da ke nuna raunin ƙoda cikin 'yan awoyi, sai dai ba kowane asibiti ke yin sa ba.

Ki tambayi makin eGFR ɗinsa, wato ma'aunin ƙarfin tacewar ƙoda. Idan bai kai 30 ba, akan yi masa ƙarin ruwa kafin hoton da bayansa. Idan yana shan maganin suga metformin, a gaya wa likita tun kafin ranar. Magungunan rage raɗaɗi ibuprofen da diclofenac kuwa, ya yi nesa da su.

Kada tsoro ya sa ku fasa hoton da ake bukata, yawancin waɗanda abin ya taɓa ƙodarsu na farfaɗowa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Amma in fitsari ya ragu, ƙafa ta kumbura, ko amai da sarƙewar numfashi suka zo, ku koma asibiti a ranar, kada ku jira lokacin gwaji.