Tambayi Likita: Ciwon hanta nau'in B a gida da wajen aure

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mun je gwajin kafin aure, aka ce wanda zan aura yana da ciwon hanta nau'in B, ni ba ni da shi. Iyayena sun ce a fasa, shi kuwa lafiyarsa ƙalau, ko ciwon shawara bai taɓa yi ba. Ina mafita? Daga wata 'yar'uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Wannan ba dalilin fasa aure ba ne, domin akwai rigakafin da zai kare ki. Ganinsa ƙalau ma ba abin mamaki ba ne. Yawancin masu ɗauke da cutar a ƙasarmu tun suna jarirai ko yara suka ɗauka, kuma takan zauna shekaru a hanta ba tare da wata alama ba. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, don haka ba shi kaɗai ba ne, kuma ba shaidar ya yi banza ba ce.

Ke abin da za ki yi shi ne gwaji biyu: HBsAg, mai nuna ko kina da cutar, da anti-HBs, mai nuna ko jikinki yana da kariya. In babu ko ɗaya, sai a yi miki allurar rigakafi sau uku a dantse: ta farko yau, ta biyu bayan wata 1, ta uku bayan wata 6 daga ta farko. Wata ɗaya zuwa biyu bayan ta ƙarshe a sake auna anti-HBs. In ya kai 10 ko ya wuce, kin samu kariya. In biki ya matso, akwai tsarin gaggawa da likita zai iya ɗora ki a kai, kuma ku yi amfani da kororon roba har sai gwaji ya tabbatar. Shi kuma ya je a auna ALT, gwajin jini mai nuna ko hanta tana kumburi, da yawan ƙwayar cutar a jini, a yi masa hoton hanta.

Tambaya: Ina da cikin wata biyar, a wajen awo aka ce ina da shi. Zan sa wa jaririn? Kuma zan iya ba shi nono? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, Allah ya sauke ki lafiya. Tambayarki ita ce ta fi kowace muhimmanci a wannan shafi. Babban mutum in ya kamu, fiye da 95 cikin 100 jikinsu kan kawar da cutar da kansa. Jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa kuwa, kusan 90 cikin 100 cutar za ta zauna musu har girma, kuma daga cikinsu ake samun masu ƙanjamewar hanta da sankarar hanta suna tsakiyar ƙarfinsu.

Tun yanzu ki nemi a auna miki yawan ƙwayar cutar. In ya kai 200,000, ko gwajin HBeAg, mai nuna ƙwayar cutar tana hayayyafa sosai, ya nuna akwai, za a ba ki tenofovir, maganin da ke danne cutar, ƙwaya ɗaya kullum daga wajen mako na 28 har ki haihu, don a rage abin da zai iya shiga jikin jaririn. Sai babban aikin: a yi wa jaririn allurar rigakafi a cinya cikin awa 24 da haihuwarsa. Inda ake samun allurar HBIG, mai ba jariri kariya ta nan take, a haɗa masa da ita a ɗaya cinyar. Bayan nan sai allurar penta, rigakafin cututtuka biyar har da wannan, a mako 6, 10 da 14, wadda ake yi kyauta a asibitocin gwamnati. In ya kai wata 9 zuwa 12 a gwada shi.

Inda muke yawan yin asara shi ne a wannan awa 24. Mace ta haihu a gida, a ce jariri ba ya fita sai an yi suna. Ko ta haihu daren Juma'a a ƙaramin asibiti, a ce mata ranar rigakafi sai Talata. Kwana bakwai ya yi nisa, domin jinin uwa ya riga ya taɓa shi tun a wajen haihuwa. Saboda haka ki haihu a asibiti, ki tambaya tun a wajen awo ko suna ajiye allurar a ɗakin haihuwa, ki kuma sanar da maigida ko wadda za ta raka ki su bi maganar. Nono kuwa ki ba shi, ba a hana ba.

Tambaya: Yayana yana da ciwon, a gida an ware masa kwano da kofi. Daidai ne? Daga wani matashi a Maraɗi.

Amsa: Ba daidai ba ne, ɗan'uwa, ku mayar da shi cikin ku ci tare. Ba a ɗauka ta abinci, ko gumi, ko musabaha, ko cizon sauro. Ta jini ake ɗauka, da saduwa, da haihuwa. Abin da za a ware masa shi ne reza, burushin goge baki, abin yankan farce da injin aski. Ƙwayar tana iya rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana 7, shi ya sa askar wanzami wajen kaciya, ƙaho, tsaga ko cire beli take da haɗari, haka almakashin masu yankan farce da ke yawo a kasuwa da tasha. Goge aska da tsumma ko tsoma ta a ruwa ba ya kashe ta. Sabuwar reza ga kowane mutum ita ce hanya. Duk mutanen gidanku ku yi gwaji, wanda ba shi da ita ya yi rigakafi.

Tambaya: Na yi allura biyu, ta uku ta wuce ni da shekara guda. In sake daga farko?

Amsa: A'a, ka je a yi maka ta ukun kawai. Amma ka yi ta inda ake ajiye allurar a firji yadda ya kamata, domin in ta daskare ta lalace.

Tambaya: Wani mai maganin gargajiya ya ce zai wanke min hanta cikin wata uku, in daina tenofovir. Daga wani magidanci a Kaduna.

Amsa: Malam, kada ka daina. Har yanzu babu maganin da ke fitar da cutar gaba ɗaya daga jiki. Tenofovir da entecavir danne ta suke yi, su hana hanta lalacewa, kuma galibi ana shan su ne tsawon rayuwa. Wanda ya tsayar da su farat ɗaya, ƙwayar cutar kan taso da ƙarfi, har hanta tana iya kasa aiki cikin 'yan watanni. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba hantar nan dai ce za ta tace su. Ka guji giya, ka guji gyaɗa da masara da suka yi fumfuna, domin gubar da ke cikinsu tana ƙara haɗarin sankarar hanta ga mai wannan ciwo. Ka riƙa zuwa ana duba jininka da hoton hanta duk wata 6, ko yadda likitanka ya tsara maka.