Kafin ka bar abokin wasanka ka taho Denmark

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce shekarunka 19, kana buga badminton na bibbiyu, kai da abokin wasanka kun daɗe tare, kuma kana so ka taho nan Denmark kai kaɗai ka nemi kulob, ka mai da raket sana'a. Tambayarka ita ce ko kulob zai ɗauki nauyinka. Na ji daɗin wannan buri ƙwarai, amma wannan "kai kaɗai" ɗin ne ya tsaya mini a rai.

A wasan bibbiyu maki ba na mutum ɗaya ba ne. Hukumar badminton ta duniya, BWF, mai hedkwata a Kuala Lumpur, mutum biyu take jerawa a jadawalinta, tana lissafa sakamako 10 mafi kyau da suka samu tare cikin makonni 52. Ranar da kuka rabu, makin ya tsaya tare da tsohuwar haɗakar, kai da sabon abokinka ku sake tarawa. Kuma da wannan matsayi ake shiga manyan gasa. Wanda ba shi da shi sai ya fara daga ƙasa, Future Series, International Series, International Challenge, kafin ya leƙa Super 100, balle Super 1000 irin All England da ake yi a Birmingham.

Ba maki kaɗai za ka bari ba. Ka fi ni sanin abin da ke faruwa idan abokinka ya ɗaga shatul, wato ƙwallon gashin tsuntsun da ake bugawa, sama: kafin ta sauko kun riga kun koma gefe da gefe kuna jiran sara. Idan ku ke kai hari, ɗaya na baya yana dannawa, ɗaya na bakin raga yana tare hanya. Wadda ta biyo tsakiya fa, wa zai ɗauka? Babu lokacin tambaya. An auna saran Satwiksairaj Rankireddy na Indiya a 2023 ya kai gudun kilomita 565 a awa. A ɗakin gwaji ne, amma ko rabin wannan ya isa ya hana ka waiwaya. A kulob ɗin da nake zuwa na sha ganin 'yan wasa biyu, kowanne gwani shi kaɗai, an haɗa su suna ta karon raket a tsakiyar fili, wasu dattawa biyu da suka shekara da shekaru tare suna lallasa su ba tare da sun yi wani gumi ba. Dattawan ko kallon juna ba sa yi. Na gaba zai ɗan karkata kafaɗa, na baya ya riga ya san inda za a mayar da ita. Wannan sabo shi ne jarinku, kuma ba ya shiga jakar mutum ɗaya.

Dubi manyan. Hendra Setiawan na Indonesiya ya ci zinaren Olamfik a 2008 tare da Markis Kido, sannan ya ci kambun duniya sau uku tare da Mohammad Ahsan, a 2013 da 2015 da 2019, na ƙarshen yana da shekara 35. Greysia Polii, ita ma 'yar Indonesiya, ta girmi Apriyani Rahayu da fiye da shekara goma, suka ci zinaren Olamfik a Tokyo. Abin da nake ƙauna a bibbiyu ke nan: mutum na daɗewa a cikinsa, don ido da natsuwar hannu a sabis da bugu ukun farko suna rufa wa ƙafa asiri idan ta fara gajiya. Saboda haka 19 ba makara ba ce ga mai tushe, ko da yake yaran da za ka tarar a nan tun suna firamare suke riƙe da raket.

Akwai kuma maganar ƙasa. A gasannin BWF kana iya haɗuwa da ɗan wata ƙasa, Setiawan ma ya buga da Tan Boon Heong na Malesiya a 2017. Amma a Olamfik dole ku zama 'yan ƙasa ɗaya, kuma haɗaka 16 ake warewa gurbi a kowane rukuni. An tanadar wa kowace nahiya wuri, kuma Godwin Olofua da Anuoluwapo Opeyori na Najeriya sun buga bibbiyun maza a Tokyo. Wannan ƙofa ta fi maka kusa nesa ba kusa ba, kuma da abokin da kake shirin bari ake shigarta. Ko sunanka a gasar duniya hukumar ƙasarka ce ke shigarwa, ba kulob ba, don haka kada ka yarda igiyar da ke tsakaninku ta tsinke.

To kuɗi fa? A All England na 2024, haɗakar da ta ci kofi ta samu dala 96,200, a raba biyu, alhali zakaran ɗaiɗai ya tafi da 91,000 shi kaɗai. Wannan ƙololuwa ce. A ƙananan gasa kana iya kaiwa zagayen kusa da na ƙarshe, abin da za a ba ku bai biya tikitin jirgi da masauki ba. Ga shatul mai gashi 16 da ke ragargajewa tun ba a gama zagaye ɗaya ba, ga tsirkiyar raket, ga takalmi, ga gwiwa da kafaɗa masu neman likita.

Kulob-kulob na nan, da na Jamus da Faransa, suna ɗaukar baƙi don gasar lig, gaskiya ne. Sai dai galibi wanda ya riga ya yi suna a jadawali suke kira, ya zo ya buga musu ranar wasa ya koma. Cibiyar horon ƙasa da ke Brøndby, a nan Denmark, ta 'yan ƙasar ce. Bizar ziyara kuwa ba ta ba ka damar aiki, kuma duk wanda ya ce ka turo kuɗi zai sama maka gwaji a kulob, ka yi nesa da shi.

Ga abin da nake ganin zai fisshe ka. Ku zauna tare, ku buga gasannin BWF da ake yi a nahiyarku har sunanku ya hau jadawali. Ka tambayi hukumarku batun tallafin Olympic Solidarity, wanda ke bi ta hannun kwamitin Olamfik na ƙasa. Idan fitowa ta zama dole, ka fito ta hanyar karatu, a garin da ke da kulob mai ƙarfi, in da hali ku nemi gurbi tare. Ka kuma ɗauki kwas ɗin koci na BWF matakin farko, don da koyarwa 'yan wasa da yawa a nan suke riƙe kansu.

Yanzu dai ka turo mini bidiyon cikakken wasa, ba yankan wuraren da kuka burge ba. A ɗora wayar a bayan fili, a ɗan sama, yadda za a ga ku duka biyu daga sabis ɗin farko har ƙarshe, kuma ya zama wasan da kuka sha wuya a cikinsa. Zan nuna wa kocinmu in faɗa maka abin da ya ce. Ka ba abokin naka wannan wasiƙa shi ma ya karanta, ka gaishe mini da shi.