Tambaya da Amsa: Karɓar Aiki Daban, Tsare Iyakarsa Daban

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni injiniyan gini ne, kuma ina shirin rubuta jarrabawar PMP, wato ta samun shaidar ƙwarewa a matsayin manajan aiki. A karatuna na ci karo da matakai biyu da suka rikita ni, wato tabbatar da iyakar aiki da kuma tsare iyakar aiki, domin duka biyun an ajiye su a rukunin matakan sa ido kan yadda aiki ke tafiya, kuma a ganina abu ɗaya ake maimaitawa. Abin da ya ƙara sa na rubuto shi ne, ina kula da ginin ajujuwa uku na wata ƙungiyar ci gaban gari. Shugaban ƙungiyar ya sa magina sun ƙara baranda ba tare da an rubuta ba, yanzu kuma ma'aji ya ƙi sa hannu a biya kuɗin zango na biyu. Mene ne bambancin matakan nan, kuma a ina na yi kuskure? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Injiniya, Allah ya ba da sa'a a jarrabawa. Kafin a zo kan bambancin, ya kamata mu daidaita a kan abin da ake nufi da iyakar aiki, wato dukkan abin da aka yarda za a yi, tare da abin da aka fayyace cewa ba ya ciki. A kundin PMBOK, wato jagorar gudanar da ayyuka ta cibiyar PMI mai shirya jarrabawar PMP, wadda aka kafa a Amurka a 1969, musamman bugu na shida da ya fito a 2017, iyakar da aka amince da ita tana tsaye ne a kan takardu uku: bayanin iyakar aikin, da taswirar da ta rarraba shi kashi-kashi, da kundin da ke bayyana abin da kowane kashi ya ƙunsa. Matakan da kake tambaya a kansu duka biyun waɗannan takardu suke dubawa, shi ya sa suke kama da juna, amma masu dubawar daban ne, kuma lokacin dubawar ma daban ne.

Tabbatar da iyakar aiki shi ne matakin karɓa, kuma mataki ne na mai aiki, wato wanda ya ba da kwangila ko wanda ya zuba kuɗinsa. Idan ka gama wani kashi, misali an ɗora kwano an kafa tagogi, sai ka gayyaci wanda yarjejeniya ta ba ikon karɓa, ya zagaya da takarda a hannunsa, ya ƙirga tagogin, ya auna faɗin kowane aji, sannan ya rubuta cewa ya karɓa, ko kuwa ya rubuta dalilin ƙin karɓa domin a nemi gyara. Abin da ake nema a nan shi ne sa hannu, kuma ba a jira sai ranar miƙa makullai, a ƙarshen kowane zango ake yi. Kada kuma ka haɗa shi da binciken inganci, wanda galibi yake zuwa kafinsa. Kai da mutanenka ne za ku fara duba ko an kwaɓa siminti yadda ya dace, ko bulo ya bushe, ko rodin da aka sa shi ne wanda zane ya ambata. Aiki yana iya cika sharuɗan wannan binciken sarai, mai shi kuma ya ƙi karɓa saboda ba shi ya nema ba.

Tsare iyakar aiki kuwa nauyi ne da ke wuyanka kai manajan aiki, tun daga haƙa harsashi har zuwa fenti na ƙarshe, ba tare da jiran kowa ya zo ba. Aikinka shi ne ka riƙa kwatanta abin da ake yi a fili da abin da aka rubuta, idan ka ga saɓani ka binciki dalilinsa, idan kuma wani ya zo da sabuwar buƙata ka hana ta shiga sai ta bi ƙofar da aka tanada: a rubuta ta, a lissafa kuɗi da kwanakin da za ta ci, masu iko su amince ko su ƙi, sannan a sabunta takardun nan uku da kasafi da jadawali. Wannan mataki bai hana canji ba, abin da ya hana shi ne canjin da ba a rubuta ba. Da yayyafi kogi kan cika, yau baranda, gobe ƙarin banɗaki, jibi a ce a sauya silin, kowanne idan aka dube shi shi kaɗai ba ya da nauyi, amma a haɗe sai su cinye kuɗin rufi. Wani lokaci ma ba mai aiki ne ke kawo ƙarin ba, magini ne ko kafinta yake ƙara ƙawar da ba a nema ba don ya burge, kuma ita ma a wurin masana laifi ce.

Babban misalin da ake yawan kawowa na illar yawan sauye-sauye a tsakiyar aiki shi ne gidan wasan kwaikwayo da waƙe-waƙe na birnin Sidni a Ostareliya. An fara gininsa a 1959 tun zane bai kammala ba, bisa ƙiyasin dalar Ostareliya miliyan 7, aka yi ta sauye-sauye har mai zanen, Jørn Utzon ɗan ƙasar Danmak, ya ajiye aikin a 1966, kuma ba a buɗe shi ba sai 1973 bayan ya ci miliyan 102.

Idan muka dawo kan ajujuwanka, a ganina ma'ajin yana da gaskiya, ko da kuwa hakan zai yi maka ɗaci. Shi yana matakin karɓa ne, ya duba takarda bai ga baranda ba, ya duba fili ya gan ta, kuma bai san daga wane aljihu za a biya simintinta ba. Kuskuren ya faru ne tun ranar da shugaba ya tsaya a gaban gini ya yi wa birkila nuni da hannu, kai kuma ka yi shiru don kunya ko girmamawa, alhali abin da ya kamata shi ne ka ce masa, "Ranka ya daɗe, shawara ce mai kyau, bari in rubuta ta a kai gaban kwamiti." Gyaran a yanzu shi ne ka rubuta buƙatar canji ko da ta makara, ka nuna adadin buhunan siminti da bulo da kuɗin leburori da barandar ta ci, kwamiti ya zauna ya yanke ko zai ɗauki nauyinta. Ka kuma roƙi ma'aji ya karɓi kashin da ya yi daidai da yarjejeniya a takarda daban, domin kada a riƙe haƙƙin ma'aikata a kan abin da ba su suka jawo ba.

Game da jarrabawa, ka sani cewa bugu na bakwai na kundin PMBOK, na 2021, ya koma kan ƙa'idoji 12 maimakon jerin matakai 49 na bugu na shida, amma fahimtar matakan nan tana nan da amfaninta. Idan tambaya ta ambaci mai aiki, ko duba abin da aka gama, ko sa hannun amincewa, to karɓa ake nufi. Idan kuwa ta ambaci saɓani tsakanin tsari da abin da ake yi, ko wani ya nemi ƙari ana tsakiyar aiki, to tsare iyaka ake tambaya, kuma amsar da ake so kusan kullum ita ce a fara auna tasirin ƙarin, sannan a rubuta buƙatar canji kafin a taɓa komai.