Kalmomin Turanci masu kama da juna: haddar jeri ko sanin ma'ana?

Hajiya, na karanta tambayarki game da 'yarki da ke aji biyar na sakandare, wadda ta cika littafi guda da kalmomin Turanci masu haruffa biyar-biyar saboda wasan Wordle, tana jera su bisa haruffan da suka yi tarayya a kansu, kina kuma son sanin ko wannan zai amfane ta a jarrabawar WAEC. Na shafe shekara 17 ina koyar da Turanci a makarantar 'yanmata, don haka zan faɗa miki abin da na gani da idona.

Kada ki hana ta. Wasan, wanda Josh Wardle ya fitar a watan Oktoba na 2021 kafin jaridar New York Times ta saye shi a farkon 2022, yana ba mutum dama shida ya gano kalma mai haruffa biyar, kuma yana koya wa yaro ya dubi kowane harafi a mazauninsa, abin da yawancin ɗalibanmu ba su saba yi ba. Sai dai wasan ba ya tambayar ma'ana ko kaɗan, kuma nan ne damuwata take. Nigel Richards, ɗan ƙasar New Zealand, ya lashe gasar duniya ta Scrabble, wato wasan haɗa haruffa su zama kalmomi, ta harshen Faransanci a 2015 alhali ba ya jin Faransanci, haddar kalmomin kawai ya yi. A 2015 ɗin ce kuma namu Wellington Jighere, ɗan Najeriya, ya ɗauko kofin duniya na Turanci a birnin Perth na Ostireliya. Hadda tana iya kai mutum ga kofi a fagen wasa, amma mai duba takardar jarrabawa jimla yake karantawa, kuma kalmar da ta zauna a inda ba nata ba, ja zai yi mata.

Ki dubi waɗannan biyar, dukkansu haruffa biyar ne kuma huɗu na ƙarshe iri ɗaya: cough, rough, tough, dough da bough. Yarinya za ta jera su a shafi ɗaya ta ɗauka 'yan gida ɗaya ne. Ta farko tari ce, ana furta ta kamar "kof". Ta biyu abu ne mai kaushi, ana cewa "raf", ta uku kuma mai tauri ko mai wuyar sha'ani, "taf". Ta huɗu kwaɓaɓɓiyar fulawar burodi ce, furucinta ya yi kusa da "do", ta biyar kuwa babban reshen bishiya, ana furta ta kusa da "bau". Haruffa huɗu iri ɗaya, furuci huɗu daban-daban. A ɓangaren jarrabawar da ake gwada sautuka, irin waɗannan ne suke kayar da ɗalibai, domin idon yaro ya riga ya gaya masa cewa amonsu ɗaya ne.

Waɗanda suka fi ba ni wahala a aji su ne masu haruffa iri ɗaya da aka sauya wa biyu mazauni. Akwai wata ɗaliba mai ƙoƙari sosai da ta rubuta mini insha'i shafi biyu a kan littafin da take rubuta al'amuranta na yau da kullum, amma daga farko har ƙarshe dairy ta rubuta, wato wurin sarrafa madara, a maimakon diary. Na kira ta na ɗora yatsa a kan kalmar na ce ta karanta, ta karanta daidai yadda take nufi har sau uku ba ta ga kuskuren ba, sai da na sa ta kira haruffan ɗaya bayan ɗaya, sannan ta rufe baki da hannu. Haka angel, mala'ika, take rikicewa da angle, kusurwa, har malamin lissafi ya taɓa kawo mini takardun ajinsa in gani. Haka quiet, shiru, da quite, wadda ke nufin sosai ko dai-dai gwargwado. Haka trial, shari'a a kotu ko gwaji, da trail, sawu ko 'yar siririyar hanya. Sannan ga adapt, adopt da adept: sabawa da sabon yanayi, ɗaukar riƙon yaro ko rungumar wani tsari, da kuma gwani.

Mu Hausawa muna da ƙarin namu nauyin, domin harshenmu bai raba sautin p da f ba, kuma ba mu da v. Shi ya sa pull da full, pool da fool, best da vest suke shige wa yaranmu ko da a rubuce ne, tunda abin da kunne ya haɗa, hannu ma haɗa shi yake yi. Ba na ɗaukar wannan a matsayin rauni, kuma ina jin zafi idan na ji malami yana yi wa yaro dariya a kansa. Abin da nake yi shi ne in rubuta baki da baƙi, kafa da ƙafa a allo, in tambaye su ko za su yarda wani ya ce duk ɗaya ne. Nan take ajin yake ɗaukar hayaniya, kuma daga ranar sukan fahimci cewa Bature ma haka yake ji idan aka musanya masa harafi guda.

Shawarata ita ce ta ci gaba da littafin nan nata, amma ta raba kowane shafi gida uku: kalmar, ma'anarta da Hausa bayan ta duba ƙamus, sannan jimla ɗaya da ta ƙirƙira da kanta a kan abin da ke cikin gidanku. Kalma biyar a rana sun isa. Idan kina da sarari da yamma, ku yi wasan tsani tare, inda ake sauya harafi ɗaya kacal a kowane mataki, kamar daga cold zuwa cord, card, ward har a kai warm, wato daga sanyi zuwa ɗumi, da sharaɗin ba za ta taka mataki na gaba ba sai ta faɗi ma'anar wanda take kai. A nan za ki ga ta tsaya a kan ward, domin ɗakin kwantar da marasa lafiya ne a asibiti, kuma ita ce mazaɓar da kansila yake wakilta, sai ki ce ta kawo jimla guda ga kowacce.