Kada ka tashi baƙin hunturu

Jiya muna fitowa daga fadama ka ce mini, "Baba, me ya sa ka riƙe mini hannu da zan buga gora a jikin kwalekwale? Ai baƙon hoton tashin tsuntsayen yake so." Ban so in yi maka faɗa a gaban baƙo ba, shi ya sa na bari sai yau.

Ɗana, tsuntsayen dausayin nan namu na Baturiya kashi biyu ne. Akwai na ƙasarmu, su kirinjijiya da dinya da dani da zalɓe. Akwai kuma baƙin hunturu. Ƙananan agwagin nan da ka ga sun rufe ruwa, daga Turai da Rasha suka zo. Sanyi ke koro su, su ƙetaro teku, su ƙetaro Sahara, su sauka mana wajen Oktoba, sai Maris su juya. Ka lura da wanda namijinsa ke fidda farin zane daga saman ido har ƙeya in tafiya ta matso. Ko rabin kilo bai kai ba. Kitsen da zai koma gida da shi, a ruwan nan yake tara shi, kuma duk bugun gorar da ya firgita shi, daga wannan guzurin ka rage masa. Abin na taɓa mini zuciya sosai.

Ga shi wurin saukarsu ya ƙuntata. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa ta biyo a 1992, ambaliya ba ta kai inda take kaiwa da. Ciyawar kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. An sa Baturiya cikin dausayoyin Ramsar, wato jerin dausayoyin da ƙasashen duniya suka amince a kare su, a 2008, amma in ka kore su daga wannan tafki, wane za su koma?

Sannan aikinmu ba hoto kaɗai ba ne. A Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa, ƙasashe da yawa lokaci guda, kuma garken da ya tashi a firgice yana da wuyar ƙirgawa. A zaune sun fi ƙirguwa. Ka ƙirga goma, ka riƙe faɗinsu a idonka, ka auna shi sau goma ya zama ɗari, sai ka bi garken ɗari-ɗari daga wannan gefe zuwa wancan. Ni ina yi sau biyu kafin in rubuta.

Gobe da an sallame asuba mu fita. Ka cire farar rigar nan, ka sa mai duhu. Ka tura mu ta gabas, rana ta kasance a bayanmu, in ba haka ba cikin hazo baƙi-baƙi kawai za ka gani. Madubin hangen nesa kuwa, in ƙura ta hau shi, hura ta tukuna; gogewa da bakin riga ke karce gilashin. In ka ga sun miƙe wuya gaba ɗaya, kafa gora a laka, mu tsaya nan.