Amsa ga mai fama da zanen teku

Wallahi ƙanina da na ga tambayarka kaina na gani. Ka ce kana kwaikwayon zanen fitowar rana a bakin teku na Monet, mai zanen nan ɗan Faransa, amma ruwanka na fitowa kamar bangon da aka shafe da shuɗi, kuma ba ka taɓa ganin teku ba. Ni ma lokacin babban ruwan da na sani dam ɗin Jibiya ne.

Sati uku na yi kan wannan zanen da daddare, kuɗin abincina na sai fenti da shi, ranar da na kai ma ogan da nake koyon rubutun allo a shagonshi sai ya ɗaga shi sama gaban yara da wani kwastoma ya ce ku zo ku gani yaron nan ya buɗe marina. Kowa ya kwashe da dariya. Bai tsaya nan ba, ya sa aka jingine shi bakin ƙofa ana tare rana da shi har ya koɗe. Mutumin da ko kwalekwale bai iya zanawa fa, sai harafi. Har yau in na bi layin nan sai raina ya ɓaci.

To ka aje shuɗin nan tukuna. Buɗe hoton zanen Monet ɗin ka ƙura mishi ido, ruwan toka-toka ne da ɗan kore, hasken rana kuma gajerun shafa ne na ruwan lemo a kwance, bai goge su ba. A 1872 Monet ya zana shi a tashar jiragen ruwa ta Le Havre a Faransa, da safe cikin hazo. Maida hoton baƙi da fari a wayarka, ranar kusan ɓacewa take, don haskenta ɗaya da na sama, kala ce kawai ta bambanta. Ni da na gano haka ban yi barci ba.

Kada ka yarda da firintin shagon kwamfuta, ɓata kala suke. Fentin akirilik kuma, wanda ake sirkawa da ruwa, a zafin Katsina kafin ka juya ya bushe, ka riƙa fesa ruwa, ga shi ya yi tsada yanzu abin ba a magana.

In hunturu ya shigo ka samu ruwa kusa da kai bayan asuba ka zauna, hazonmu ma ya isa. Kuma don Allah kada ka nuna ma kowa zanen farko, turo mini ta inbos.