Na Yi Ƙarya Don Rufa Wa Kaina Asiri

Tambaya: Anti, wata shida ke nan ina zuwa asibiti neman haihuwa. Wata abokiyar aikina ta matsa mini da tambayar inda nake zuwa duk Laraba, sai na ce mata mahaifiyata ce ba lafiya. Yanzu kullum sai ta ce "Ya jikin Mama?" ina amsawa zuciyata na suya. Har yanzu ni mai gaskiya ce?

Amsa: Ƙanwata, Allah Ya ba ki zuri'a mai albarka. Sirrin naki ne, abokiyar aikinki ba ta bin ki bashinsa. Aya ta 12 a Suratul Hujurati ta hana bin diddigin mutane, don haka matsawar da ta yi miki ba daidai ba ce.

Amma ɓoye magana daban, ƙirƙiro wata daban, kuma a nan kika zame. Kin ɗora wa Mama ciwon da ba ta da shi, wata baiwar Allah tana can tana yi mata addu'ar samun sauƙi da zuciya ɗaya. Wannan ya fi damuna. Ramin ƙarya kuma ƙurarre ne: ranar da ta ce za ta zo dubiya, me za ki ce?

Ba na tare da masu tsanantawa. A 1797 masanin falsafa Bajamushe Immanuel Kant ya rubuta cewa ko mai kisan kai ne ya zo neman abokinka da ke ɓoye a gidanka, bai kamata ka yi masa ƙarya ba. Ni wannan ya yi mini nisa. Hadisin Ummu Kulsum bintu Uƙba ya nuna akwai rangwame a yaƙi, da sulhu tsakanin mutane, da zancen miji da mata. Sai dai ke ba wuƙa aka sa miki a wuya ba, tambaya aka yi miki, kuma akwai mafita. Dubi Sayyidina Abubakar a hanyar Hijira a 622. Da aka tambaye shi wane ne tare da shi, sai ya ce mutum ne mai nuna masa hanya. Mai tambaya ya ɗauka ɗan jagora ne, shi kuwa hanyar shiriya yake nufi. Malamai na kiran wannan tauriyya.

Ko ita ma ba ki buƙata. "Wani uzuri ne nawa, a taya ni da addu'a" ya wadatar. Na san yana da nauyi a baki, musamman ga mai kunya, amma sau ɗaya za ki faɗe shi ki huta. Mijinki da likitanki kuwa suna da haƙƙi a maganar, su kada ki rage musu komai.

Gobe in ta tambayi jikin Mama, ki ja ta gefe ki ce: "Mama lafiyarta ƙalau, ki yafe mini. Lamari ne nawa da ban shirya faɗa ba."